Mutum 4 sun ba wata waƙa maki 5, amma ba ta shiga mujalla ba

Mai Jan Biro ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar duk wanda ya taɓa riƙe mujallar ɗalibai, ko ya zauna a kwamitin da ke zaɓen rubutu. Ku yi haƙuri da tsawon bayanin, yau kwana uku ke nan abin yana cina a rai.

Ni ce babbar editar mujallar adabi ta ɗalibai a jami'armu. Mu 9 ne a kwamitin editoci. Sau biyu muke fitowa a shekara, shafi 48, kuma abin da shafukan ke iya ɗauka bai wuce rubutu 14 ba, tsakanin waƙa da gajeren labari da maƙala. A wannan karon rubutu 71 aka aiko mana.

Kafin mu, babban edita ne ke zaɓe, shi da wanda ya ga dama. Ina aji ɗaya na ga fitowar da rubutu 5 cikin 14 duk na 'yan ɗaki ɗaya ne a masaukin ɗalibai. Shi ya sa da na tsaya takara alkawari guda na yi: kowa zai sami ƙuri'a, tawa ma ɗaya ce kamar ta kowa. Muka tsara abin haka: sakatariyarmu, wadda ba ta jefa ƙuri'a, tana cire sunayen marubuta ta sa lamba. Kowa ya karanta shi kaɗai ya ba da maki daga 1 zuwa 5. A tara a raba gida 9, a jera daga sama, 14 na farko su shiga. Na yi taƙama da tsarin nan ba kaɗan ba. Har gaban sababbin ɗalibai na tsaya ina bugun ƙirji cewa daga yau babu sanayya a mujallar nan.

Sai ga lamba 38.

Waƙa ce, in za a yarda a kira ta waƙa, don wannan ma shi ne rabin rigimar. Layi 19 ne, babu amsa-amo, babu kari, ba a ma raba ta baiti-baiti ba. Jerin abubuwan da aka tarar a aljihun wani mamaci ne kawai, kamar yadda ake lissafa wa dangi kafin a miƙa musu: mabuɗi biyu, guntun fensir, takardar magani da ba a kai ga saye ba, maɓallin riga da ya tsinke yana jiran a ɗinka. Mawaƙin bai ce yana baƙin ciki ba, bai faɗi mene ne tsakaninsa da mamacin ba. A layin ƙarshe ne ya ce an sami lambar wayarsa rubuce a 'yar takarda, don mamacin bai taɓa iya haddace ta ba. A tsaye na karanta ta a ƙofar laburare, sai da na nemi wuri na zauna.

Ga makin da ta samu: mutum 4 sun ba ta 5, mutum 2 sun ba ta 2, mutum 3 sun ba ta 1. Jimla 27, wato 3.0. Ta zo ta 22.

Lamba 12 kuwa, waƙa ce a kan daren jarrabawa, amsa-amonta tsaf, ba inda za ka ce ta karye. Mutum 4 sun ba ta 4, mutum 5 sun ba ta 3. Jimla 31, wato 3.4. Ta shiga. Ba ni da wani ƙorafi a kanta, sai dai da na tambayi waɗanda suka ba ta 4 su kawo mini layi ɗaya daga ciki da ka, kallon juna suka yi. Lamba 38 kuwa, har waɗanda suka ƙi ta suna iya kawo maganar maɓallin nan, suna kawowa ne don su yi mata ba'a, amma dai ya zauna musu. Da na koma na duba 14 ɗin da suka ci, guda 3 ne kacal wani ya taɓa ba maki 5. Mun zaɓi mujallar da ba mai ƙinta, ban kuma ga mai ɗokinta ba.

A taronmu na shekaranjiya na nemi a sake duba lamba 38. Mataimakina, wanda yana cikin masu maki 1, ya ce: “Ranki ya daɗe, ke kika kawo mana ƙuri'a. Yau don ta juya miki baya sai ki ce ba ta iya ba?” Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta shige ni, don gaskiya ya faɗa. Kuma kada wani ya ɗauka jahili ne. Ya fi ni sanin kari nesa ba kusa ba, shekara uku yana koyon auna baiti. Hujjarsa ita ce jerin kaya ba waƙa ba ne, kuma in muka buga wannan, fitowa ta gaba jerin kayan aljihu talatin za a aiko mana, kowa ya huta da wahalar amsa-amo.

Ga inda na tsaya. Tsofaffin ƙa'idojinmu, waɗanda ba mu kai ga gyarawa a rubuce ba, sun ce magana ta ƙarshe ta babban edita ce. Wato ina da ikon in sa ta ko an ƙi. Kwana 10 ya rage mu kai aiki maɗaba'a. In yi amfani da ikon in karya alkawarina, ko in bi ƙuri'a in bar waƙar da na tabbata ta fi duk abin da za mu buga? Ko akwai hanyar da ban gani ba?

Tsohon Edita ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, sa ta. Ki cire lamba 12 ko wata irinta, ki kira taro ki faɗa musu a gaban idonsu cewa ke kika yi, kuma ga dalili.

Na riƙe irin kujerarki shekara biyu, tun lokacin da da hannu muke manna shafi. Abin da na koya shi ne ranar da aka zaɓe ki, ranar aka gama dimokuraɗiyya. Sun ga rubutunki, sun ji yadda kike sharhi a taro, suka ce idon nan muke so. To don me za ki karɓi kujera sannan ki mayar musu da idon ki ce ku raba tara? Mai karatu ba ya karanta 3.4. Yana buɗe shafi ne, ko dai wani abu ya kama shi ko ya ajiye.

Ki dubi mujallun ɗalibai da har yau ake ambatonsu. The Horn, da J. P. Clark ya fara a Ibadan a 1958 yana ɗalibi. Penpoint ta jami'ar Makerere a Uganda, inda Ngugi, marubucin nan na Kenya, ya fara buga gajerun labaransa. Granta, da ɗaliban Kambirij suka kafa a 1889, ta durƙushe, sai a 1979 aka tayar da ita, kuma sunan edita ɗaya, Bill Buford, shi ake haɗawa da tashin nata. Ana tuna su ne saboda wani ya ga rubutun da ba a saba gani ba ya ce a buga. Ban taɓa jin an yabi ɗayansu da kyawun lissafin maki ba.

Kuma ƙuri'a tana da wata illa da ba a cika faɗa ba: tana wanke kowa. In fitowa ta yi lami, wa za a kama? Kowa zai ce shi dai makinsa ya bayar. Edita ɗaya kuwa ba shi da wurin ɓuya, sunansa ne a shafin farko.

Ban ce a bar edita ya zama sarki ba. Sharaɗi uku na sani: kada ya buga rubutunsa, kada ya wuce shekara ɗaya ba a sake zaɓe ba, kuma kashi biyu cikin uku na kwamiti su iya sauke shi. Bayan wannan a sakar masa mara. Zan kuma faɗi gaskiya, tunda ba ganina kike ba: ni ma na buga abokaina fiye da yadda ya kamata. Cire sunaye da kika yi ya fi abin da na yi. Ki riƙe wannan, ki jefar da kwamfutar lissafin.

Malamin Lissafi ya amsa:

Malama, ni ba ɗan adabi ba ne, lissafi nake koyarwa, amma alƙalumanki sun ja ni. Ina ganin kin ɗora wa ƙuri'a laifin da na hanyar ƙirga ta ne.

Tarawa a raba tambaya ɗaya take amsawa: wane rubutu ne bai ɓata wa kowa rai ba? Maki 1 na mutum ɗaya yana cinye maki 5 na wani, su biyun su koma 3 da 3, kamar ba wanda ya ji komai. To rubutun da ya raba kan mutane dole ya faɗo tsakiya, ko da shi ne mafi ƙarfi. Wannan hanyar ta dace da zaɓen ranar taro, inda ake neman abin da kowa zai iya jurewa.

Tana kuma da wata ƙofa. Wanda ya fahimci lissafin zai iya ba da 1 ga rubutun da a ransa 3 ya cancanta, don kawai ya ja shi ƙasa ya ba nasa gwanin hanya. Ban ce mataimakinki ya yi ba. Tsohuwar matsala ce. Wani Bafaranshe, Jean-Charles de Borda, ya gabatar da tsarin zaɓe na tara maki a 1770, kuma an ruwaito cewa da aka nuna masa wannan ƙofar sai ya ce ai shi don masu gaskiya ya tsara abinsa.

Kada kuma ki ce bari mu koma ɗaga hannu, mai rinjaye ya ci. Ga misali da ku 9. A ce gurbi ɗaya ya rage, ga waƙa, ga labari, ga maƙala. Mutum 3 sun fi son waƙa, sai labari, sai maƙala. Mutum 3 sun fi son labari, sai maƙala, sai waƙa. Sauran 3 sun fi son maƙala, sai waƙa, sai labari. In kika kara waƙa da labari, waƙa ta ci 6 da 3. Labari da maƙala, labari ya ci 6 da 3. Maƙala da waƙa, maƙala ta ci 6 da 3. Kowanne yana da mai kayar da shi. Wato wanda ya tsara wane biyu za a fara karawa, shi ya zaɓi wanda zai shiga, alhali kowa zai tashi yana ganin rinjaye ne ya yi aiki. Wani Bafaranshen, Condorcet, ya bayyana wannan tun 1785, kuma a 1951 masanin tattalin arziki Kenneth Arrow ya tabbatar da cewa in zaɓi ya kai uku, babu wata hanyar haɗa jerin son mutane da za ta cika wasu 'yan sharuɗɗan adalci gaba ɗaya, sai dai a bar wa mutum ɗaya. Na san Tsohon Edita zai ce ai shi ma abin da ya faɗa ke nan. A'a, Yaya. Abin da ake nufi shi ne kowace hanya tana da inda take yoyo, sai ka zaɓi yoyon da za ka iya zama da shi.

Ga shawarata. Gurbi 11 a bar wa maki yadda kuke yi. Gurbi 3 a ware. Duk rubutun da bai shiga ba, in mutum 3 suka sa hannu suka ce mun tsaya masa, ya shiga, ba mai hanawa. Amma kowa hannu ɗaya yake da shi a kowace fitowa. Ku 9 ne, saboda haka ba za a wuce 3 ba. Kin ga mutum 4 cikin 9 kusan rabin kwamiti ne, a tsarinku na yanzu kuma za su iya tashi ba su sami ko shafi ɗaya da suke ƙauna ba. Wannan ma ai rashin adalci ne ta fuskar ƙuri'ar kanta.

Gargaɗi ɗaya. In kun amince da wannan, kada ya yi aiki a kan fitowar da ke hannu. Dokar da aka yi bayan an ga sakamako, kowa ya san don wa aka yi ta.

Mai Jan Biro ta sake rubutawa:

Na gode muku duka. Yaya Tsohon Edita, wallahi da na karanta amsarka sai da na ji sanyi, don abin da zuciyata ke son ji ke nan. Shi ya sa ma nake tsoronsa. Wanda ya buga 'yan ɗakinsu 5 shi ma na tabbata cewa ya yi idonsa ne ya gani. Ni ta yaya zan bambance idona da son raina, ina daga ciki? Kuma shekara mai zuwa ba ni ce a kujerar ba. Duk ƙofar da na buɗe yau, wani ne zai bi ta, ban kuma san ko wane ne ba.

Malam, misalin nan na waƙa da labari da maƙala ya tayar mini da hankali, don ni ce ke tsara abin da za a fara tattaunawa a kowane taro, ban taɓa ɗaukar hakan a matsayin iko ba. Gargaɗinka na ƙarshe kuwa ya yi mini ɗaci, don ma'anarsa ita ce lamba 38 ba za ta shiga wannan fitowar ba ko ta wace hanya. Amma ina da tambaya: me zai hana mu ajiye maki gaba ɗaya, mu zauna mu yi ta magana a kan kowane rubutu har sai kowa ya yarda?

Mai Tsara Shafi ta amsa:

'Yar'uwa, kada ki soma. Mun yi wannan a tamu mujallar, shekara guda cur, da sunan ba shugaba ba ƙuri'a, sai kowa ya gamsu. Taron da aka sa wa awa biyu yakan kai biyar. Masu jarrabawa washegari su tashi, masu nisan gida su tashi, masu kunyar musu su yi shiru. A ƙarshe mutum uku ne ke rage, kullum su ɗin dai, kuma abokan juna ne. Abin da suka ce shi ake rubutawa a matsayin “kowa ya yarda”. Ba wanda ya zaɓe su, saboda haka ba yadda za a sauke su. Wata Ba'amurkiya, Jo Freeman, ta yi bayanin wannan tun farkon shekarun 1970 daga abin da ta gani a ƙungiyoyin mata: ƙungiyar da ta ce ba ta da tsari tana da shi, a ɓoye yake kawai, a hannun waɗanda suka san juna. Da na karanta sai na ga kamar a taronmu ta zauna.

Abin da kuke yi na kowa ya ba da maki shi kaɗai kafin a haɗu, ku riƙe shi da kyau. Da zarar babba ya fara magana a ɗaki, rabin ra'ayin ƙanana ya tafi. Ku yi magana bayan an rufe maki, ba kafin ba.

Amma ni wani abu daban nake son ki duba. Kin tabbata duk ku 9 kun karanta 71 ɗin? Rubutu 71 a tsakiyar zangon karatu ba wasa ba ne. Ki ɗauko takardun maki ki bi su mutum-mutum. Wanda ya ba kusan komai 3, bai karanta ba, hannunsa kawai ya bi layi. Irin wannan ƙuri'ar ce ke ɗaga rubutun tsaka-tsaki, ba ta mataimakinki ba. Mu daga baya doka muka sa: ba a karɓar maki sai da jimla ɗaya ta dalili a gefensa. Nan take masu ƙuri'a suka ragu, waɗanda suka rage kuma masu karatu ne.

Sannan ki daina kallon mutum 5 ɗin nan kamar sun kashe miki waƙa. Mai maki 1 da ya karanta ya ji haushi ya fi kusa da ke a kan mai maki 3 da bai ji komai ba. Tsoron mataimakinki ma ba na banza ba ne. Mujallar ɗalibai makaranta ce, abin da kuka buga shi ƙanana za su kwaikwaya, kuma kwaikwayon waƙa marar kari ya fi sauƙi, munin sa kuma ya fi yawa. Na tsara shafukan irinsu, na sani.

Ƙarshe, ba komai ake kai wa ƙuri'a ba. Mun taɓa kaɗa ƙuri'a a kan girman haruffa, na kusa ajiye aikin. Zaɓen edita, kuɗi, hoton bango, wanda za a ɗauka cikin kwamiti, waɗannan na kowa ne. Waƙafi da aya na mai gyara ne. Duk abin da kuka tsayar kuma ku rubuta ku sa hannu, don nan da shekara uku ba ɗayanku a makarantar, takardar ce kaɗai za ta rage. Ga shi ke ma tsohuwar takarda ce ke neman ruɗinki yau.

Tsohon Edita ya ƙara:

To na ji, an taru a kaina. Sa hannun mutum 3 ba laifi, edita ne dai aka yanka uku. Amma ina nan a kan bakana: waƙar nan tana hannu yau, ku kuna gina mata gida na baɗi. Mawaƙi ba ya jira.

Wanda Aka Sha Mayarwa ya amsa:

Ni daga ɗaya gefen nake. Sau huɗu ana mayar mini da rubutu daga mujallar makarantarmu, kullum da layi ɗaya: kwamiti ya duba, bai samu shiga ba. Da a ce sau ɗaya wani ya ce mini mutum huɗu sun yi faɗa a kan labarina, wallahi da ya fi mini bugawar daɗi. Malama, ko me kuka yanke, ki rubuta wa mai lamba 38 da hannunki. Ki faɗa masa maki nawa ya samu da yadda aka rabu. Wataƙila yanzu haka yana can yana tunanin abin da ya rubuta shirme ne, yana shirin komawa daren jarrabawa.

Mai Jan Biro ta dawo:

Na zo in ba ku labarin yadda aka ƙare, tunda kun ba ni lokacinku.

Na fara da shawarar Mai Tsara Shafi, na bi takardun maki ɗaya bayan ɗaya. Mutum ɗaya ya ba rubutu 64 cikin 71 maki 3 ko 4. Na same shi mu biyu, bai ma yi musu ba, ya ce aikin bincikensa na shekarar ƙarshe ne ya sha kansa, shafin farko kawai yake dubawa. Na kuma lura da abin da ban gani ba da farko: a cikin 71 ɗin, lamba 38 ce kaɗai ba wanda ya ba maki 3. Har shi ɗin ya karanta ta, don gajera ce. Maki 2 ya ba ta.

Jiya muka zauna. Na faɗa musu tun farko cewa ba zan taɓa tsohon ikon nan ba, na kuma nemi a soke shi a rubuce. Wannan ya wuce 9 da babu. Dokar jimlar dalili a gefen maki ta wuce 7 da 2. Gurbi 3 na sa hannu ya ja musu sosai, aka ci 6 da 3, da sharaɗin sai fitowa ta gaba zai fara aiki, kuma rubutun da bai shiga yanzu ba ana iya tsaya masa a lokacin in mai shi ya yarda ya jira. Lamba 12 tana shafi na 9. Na gyara mata waƙafi biyu, ban yi mata mugunta ba.

Bayan an rufe komai sakatariya ta buɗe sunaye. Mai lamba 38 yarinya ce 'yar aji ɗaya, ba ma a sashen adabi take ba, ba wanda ya san ta a cikinmu. Na rubuta mata kamar yadda ɗan'uwanmu ya ce, har da makin da yadda aka rabu. Ta amsa da layi biyu: za ta jira, kuma tana son sanin dalilin waɗanda suka ba ta 1. Na tura wa mataimakina. Ya rubuta mata shafi guda da rabi a kan kari, ya nuna mini kafin ya aika, kuma ban sami abin cirewa ba.

Abin da ban hango ba shi ne, mataimakin nawa yana cikin 6 ɗin da suka goyi bayan sa hannu. Ina ta murna na ɗauka na shawo kansa. Ashe akwai lamba 55, waƙar abota mai baiti 40, kowane baiti ɗango biyar, amsa-amo ɗaya tun daga sama har ƙasa. Ni na ba ta 1, na kuma rubuta a gefe cewa ta faɗi abin da za ta faɗa tun a baiti na shida. Kafin mu fita daga ɗakin ya riga ya sami mutum biyu da za su sa masa hannu. Ya nuna mini takardar yana murmushi ya ce, “Ranki ya daɗe, dokarki ce.”

Baiti 40 shafi 7 ne a tsarinmu, cikin 48, kuma ba wanda ya tuna ya sa iyakar tsawo a sabuwar dokar. Mai Tsara Shafi, ko ana iya jera waƙa mai ɗango biyar sahu biyu gefe da gefe a shafi ɗaya ba tare da ta cushe ba? In kuwa sai an rage ta, wa ya kamata ya nemi mawaƙin ya rage, tunda in daga bakina ta fito za a ce ramuwa ce?